Ɗan Ibro, Ɗan Kaman Zamani

Ko wace sana'a a ƙasar Hausa tana da shugabanta, tana da kirarinta, tana kuma da wurin zamanta a kasuwa. Maƙera suna da Sarkin Maƙera, mahauta suna da Sarkin Fawa, har wanzamai da magina ba a bar su haka nan ba shugaba. Amma akwai wata sana'a guda wadda kowa ke cin moriyarta, babba da yaro, malami da jahili, duk da haka da wuya ka sami uban da zai ɗaga hannu ya roƙi Allah ya sa ɗansa ya gaje ta. Ita ce sana'ar ba mutane dariya. Mai yinta, in yana cikin wasa a kewaye shi, a yi ta tafi, in ya gama a watse, kowa ya tafi yana cewa, "Wannan ai ba shi da aikin yi." In ya je neman aure ne za a tuna masa da irin abin da ya ke yi.

Labarin wani mai wannan sana'a na ke so in ba ku, watau Rabilu Musa, wanda duniya ta sani da Ɗan Ibro, ko kuwa Ibro kawai. Ban taɓa haɗa hannu da shi ba. Na san shi ne kamar yadda dubban dubbai suka san shi, ta cikin akwatin talabijin. Amma sa'ad da ya rasu na ga dattawa masu furfura, waɗanda ba su yarda a ce suna kallon fim ba, sun yi shiru kamar an yi musu rasuwa a gida. Tun daga ran nan na ke tunanin ko mene ne mutumin nan ya ba mu, mu kuwa me muka ba shi.

An haifi Rabilu cikin 1971 a Ɗanlasan, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Warawa ta Jihar Kano. Can ya yi makarantar firamare, sa'an nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Wanda ya san Wudil ya san gari ne na bakin kogi, bisa hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Maiduguri, ya kuma san kasuwar shanunta ta ran Juma'a. A wannan kasuwa Bafillace ke kawo sa, Babarbare ya taya, Bayarabe ya zo da babbar mota zai kai kudu, dillali kuwa yana tsakani, yana rantsuwa wa wannan, yana ƙifta ido wa wancan. Ko wanensu da irin Hausarsa, da irin tafiyarsa, da irin yadda ya ke fushi in an yi masa tayin wulakanci. Ni a ganina, yaro mai kunne da ido in ya tashi kusa da irin wannan wuri, ya riga ya sami rabin karatun wasan kwaikwayo tun bai san sunansa ba.

Cikin 1991 ya shiga aikin gidan yari, ya zama gandiroba. Bari in ɗan ratse kaɗan, don yaran yanzu ba su san dalilin wannan suna ba. A zamanin En'e, Yari shi ne basaraken da Sarki ya danƙa wa tsaron fursunoni, shi ya sa a ke ce da kurkuku gidan Yari. Cikin 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen nan daga hannun En'e-En'e, cikin 2019 kuma aka sake musu suna, aka ce gidajen gyaran hali. Amma bakin mutane bai saki tsohon sunan ba. To, a wannan aiki Rabilu ya yi shekara takwas. Ku riƙe wannan a zuci, don za mu komo kansa.

Ni malamin ofis ne a wajen hakimi, aikin da iyayenmu ke kira aikin En'e, saboda haka na san abin da a ke nufi da albashi. Kome ƙanƙantarsa, wata na ƙarewa ka san yana tafe. Mai kanti ya ba ka bashi don ya san kana da shi, surukai su girmama ka, ga kuma fansho yana jiranka in tsufa ya zo. Mutum ya ajiye kaki da wannan duka, ya ce zai tafi ya riƙa shafa gawayi a fuska yana ba mutane dariya, lalle ba ƙaramar kasada ba ce. Ba na shakka an sami masu ce masa ya haukace. Ga shi kuwa abin da ya tafi dominsa, a lokacin nan, bai ko tsaya da ƙafafunsa ba.

Iyayenmu majigi suka sani, wanda mota ke kawowa ƙofar fada da dare, a kafa farin ƙyalle, a nuna musu irin su Baban Larai don a jawo hankalinsu ga noman auduga. Bayan wannan aka sami rediyo da talabijin, inda Usman Baba Pategi ya yi Samanja Mazan Fama, Ƙasimu Yero ya yi Karambana, Karkuzu kuma ya yi nasa daga Jos. Waɗannan gwanaye ne na gaske, amma a gidajen Gwamnati suka yi wasanninsu, sai ranar da aka sa shirin za ka gan su, in kuwa akwai wuta. Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset na bidiyo. Daga nan ƙofa ta buɗe. Duk wanda ya iya haya kyamara ya tara abokansa, ya iya yin fim ya kai kasuwa, ba sai ya nemi iznin wani manaja ba. Ta wannan ƙofa Rabilu ya shigo. Wajen 1997, tun yana cikin kaki, fim ɗin 'Yar Mai Ganye ya fito, sunan Ibro ya fara zaga gari.

Ba a daɗe ba finafinan Hausa suka rabu gida biyu. Akwai na soyayya, waɗanda 'yan fim ke kira santimental, inda za ka ga saurayi da budurwa cikin manyan gidaje da motoci, suna waƙa suna zagaya furanni kamar yadda a ke yi a finafinan Indiya. Akwai kuma na barkwanci, waɗanda aka laƙaba wa suna camama. Sunan nan ba na yabo ba ne. Fim ne na ƙaramin jari, a kan yi shi cikin 'yan kwanaki a ƙauye ko a bayan gari, ba wani dogon rubutu, sai a gaya wa 'yan wasa ga inda labari ya dosa, sauran magana kowa ya nemo ta daga cikinsa. Masu santimental suna ganin su ne 'yan birni, 'yan camama kuwa 'yan ƙauye. Amma 'yan kasuwar kaset na Bata da Ƙofar Wambai, su da ke ƙidaya kuɗi da yamma, sun san wanda ke cika musu aljihu. Shi ya sa aka riƙa ɗora sunansa a goshin fim, a ce Ibro kaza, Ibro kaza, don sunan kaɗai ya isa talla.

To, wane ne Ibron nan na cikin fim? Mutum ne siriri, ga 'yar jar hula, ga riga wadda ko ta yi masa kaɗan ko ta yi masa yawa, ga ido a zare, ga murya mai tsini, baki kuwa ba ya hutawa. Yau shi ne direba, gobe wanzami, jibi ɗan sanda, gata boka ko ango. Amma ko wace riga ya sa, halin guda ne. Talaka ne wanda ba shi da ko sisi, amma bai yarda an fi shi ba. Ga kwaɗayi, ga cika baki, ga tsoro. In ya ga abinci hankalinsa ya tashi, in ya ga sanda ƙafarsa ta fi bakinsa sauri. Ya kan ƙulla dabara tun da safe, kafin azahar ta warware ta naɗe shi, sa'an nan ya tsaya yana rantsuwa yana neman wanda zai ɗora wa laifi.

Wanda ya yi zaman tatsuniya a ɗakin kakarsa ya san wannan mutum tun kafin a haifi Rabilu. Gizo ne. Kwaɗayin na Gizo ne, wayon da ke komowa kan mai shi na Gizo ne, har matar da ke fama da shi a gida, wadda Tsigai ta sha fitowa a matsayinta, in ka duba da kyau Ƙoƙi ce. Abin da ya sa ba mu ƙin Gizo, ko da ya ke maƙaryaci ne, shi ne don ƙarami ne a dajin da zaki da kura da giwa ke mulki, ba shi da ƙarfi sai baki. Haka Ibro ya ke tsakanin mai gidan haya da ɗan sanda da alhajin birni da mai bin bashi. Mai kallo ya san ba shi da gaskiya, amma a ransa yana so ya tsira, don shi ma jiya ya ɓuya a bayan ƙyaure da mai bashi ya yi sallama.

Akwai kuma wata tsohuwar sana'a da ya gada, ko da ya ke ba a gidansu ba, watau kamanci. 'Yan kama su ne waɗanda kan shiga kasuwa ko gidan biki, su ɗauki waƙar wani babban makaɗi wadda kowa ya sani, su bar muryar yadda ta ke, su zubar da kalmomin, su cika ta da zancen tuwo da miya da fura. Har karatun malamai su kan kwaikwaya, su yi ta jan baƙi suna fassara, alhali duk maganar ciki ce. Ba wanda ke cewa sun yi saɓo, don an san wasa ne, an kuma san akwai wa'azi a ƙarƙashinsa ga wanda cikinsa ya fi ƙarfinsa. Ibro ɗan kama ne wanda Allah ya kawo a zamanin kaset. Bambancinsa da na dā shi ne, su waƙoƙin ƙasar nan su ke juyawa, shi kuwa duk abin da duniya ta jefo mana shi ya ke cafewa.

Ku duba misali. Wajen shekara ta 2000 kiɗan Awilo Longomba, mawaƙin nan na Kwango, ya cika Nijeriya, ba motar haya ba shagon aski. Dattawa suna ta ƙorafi, samari suna ta rawa. Sai ga Ibro Awilo. Finafinan Indiya sun fi shekara arba'in suna riƙe da zukatan mutanenmu, sai ga Ibro Ɗan Indiya. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na 2002. Bayan harin da aka kai Amurka ran 11 ga Satumba 2001, ba sunan da a ke ambata a duniya kamar na Usama bin Ladan. A Kano hotunansa na manne a bayan motoci, jarirai da yawa an raɗa musu sunansa, wasu na tsoronsa, wasu na yabonsa, ba mai iya taɓa zancen da wasa. Sai aka wayi gari ga Ibro Usama a kasuwa, ɗan Ɗanlasan ya ɗaura gemu ya naɗa rawani. Wasu malamai suka yi suka ƙwarai. Bai daddara ba, da yaƙin Iraƙi ya zo cikin 2003 ya fito da Ibro Saddam.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan shirme ne kawai. Ni ban ɗauke shi haka ba. Abu in ya zo daga nesa, ko kiɗa ne ko yaƙi, ya kan zo da girma fiye da nasa, ya cika wa mutum ido har ya kasa auna shi. In Ibro ya sa rigar abin nan ya yi tuntuɓe a cikinta, sai ya komo daidai tsawon mutum, a iya dubansa a yi magana a kansa. Yaran da ke tashe cikin watan azumi haka su ke yi tun dā, su sa gemun auduga su zama tsoho, su sa tsumma su zama mai ciki, gari ya ga kansa ya yi dariya.

A gidanmu, sa'ad da muka sami bidiyo, Inna ba ta kula da finafinan soyayya. In an sa, sai ta ce, "Ku dai ba ku gajiya da masu guje-gujen nan a gonar mutane." Ta ɗauki carbinta ta shige ɗaki. Amma in ta jiyo muryar Ibro, sai ka ga ta fito da tabarmarta, ta aika a kira abokiyar zamanta, har maƙwabta su shigo. Ta yi dariya har ta riƙa share hawaye da gefen zane, tana cewa, "Ɗan nan, Allah ya shirye ka!" Inna ba ta yi boko ba, ba ta taɓa shiga silima ba, Hausar 'yan birni mai gauraye da Turanci kuwa wahala ta ke ba ta. A bakin Ibro ta ji irin maganar da a ke yi a bakin rijiya da wurin daka, ta ga zaure irin namu da akuya irin tamu. Ina tsammani irinta suna da yawa, daga nan har Maraɗi da Damagaram, har zangon Kumasi, har wajen Hausawan Kamaru da Sudan, duk inda kaset ɗin nan ya kai.

Wata rana kuma a ofis wani dattijo ya zo daga ƙauye neman takardar shaidar gona. Ya sa wata 'yar jar hula wadda ta sha rana, rigarsa kuwa ta ɗage. Masinjanmu yaro ne mai rawar kai, da ya hango shi sai ya leƙo ya ce mini, "Malam, ga Ibro nan ya zo." Ashe dattijon ya ji. Bai yi fushi ba. Ya tuɓe takalmansa, ya gaishe ni, na ce, "Sannu da zuwa, Baba, ga wuri." Ya zauna, sa'an nan ya waiwaya ya dubi yaron ya ce, "Yaro, in dai ni ne Ibro, to, ka yi hankali da ni. Ka taɓa ganin ɗan birnin da ya ja da Ibro ya koma gida da hularsa a ka?" Duk ofis aka fashe da dariya, yaron ya rasa inda zai sa kansa. Dā can, in an ce da mutum baƙauye, sai ya sunkuyar da kai. Wannan dattijo kuwa an jefe shi da sunan, ya cafe ya rama da shi. Ban san wani littafi ko wata lacca da ta taɓa ba mutumin ƙauye irin wannan makami ba.

Kada a ce na mai da shi waliyyi. Cikin finafinansa akwai waɗanda gaggawa ta ɓata, ka kalla ka ga ba kai ba gindi, sai ihu da guje-guje. Dole haka ta faru ga wanda ke fita daga wannan fim ya faɗa wancan ba hutu. Akwai raye-rayen da ni kaina ba na so a sa in yara na zaune. Kwaikwayon da ya kan yi wa Fulani da Gwarawa da sauran kabilu, mafi yawansa yana cikin iyakar wasan barkwanci da muka gada, irin na Bafillace da Babarbare, ko Bakano da Bazazzage, ko Bagobiri da Bayarabe. Amma wasan nan yana da sharaɗi, shi ne wanda ka tsokana yana nan kusa, zai rama. A fim kuwa ba ya iya ramawa, saboda haka wani lokaci abin ya kan zarce. Haka kuma dariyar da a kan yi da makanta ko gurguntaka, ba kullum ta ke yi mini daɗi ba. Waɗanda suka yi masa faɗa a kan waɗannan suna da hujja. Faɗa dabam, ɗauri kuwa dabam.

Ga yadda abin ya faru. Bayan an ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano cikin 2000, sai aka kafa Hukumar Tace Finafinai cikin 2001. Cikin 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, wani abin kunya ya ɓulla game da wata 'yar fim, gari ya ɗauki zafi. Aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da yin fim wata da watanni, kotun tafi-da-gidanka kuma ta shiga aiki. A shekarar nan aka ɗaure Adam Zango wata uku. Cikin 2008 aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. 'Yan fim da yawa suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da Jos. Cikin watan Oktoba na 2008 abin ya iso kan Ibro. Aka kama shi tare da abokin wasansa Lawal Ƙaura, aka tuhume su da tafiyar da kamfani ba rajista, da kuma rawar da ba ta dace ba a cikin Ibro Aloko. Aka yanke musu ɗaurin wata biyu.

Abin da ke rubuce ke nan. Mutanen gari kuwa wani abu dabam su ke faɗi a majalisa da tashar mota. Cewa su ke akwai wata waƙa a fim ɗin mai zancen mamar, wani yadi mai ratsi-ratsi, yara kuma sun ɗauke ta suna tsokanar Gwamna da ita, don ya kan sa irin yadin. Ko wannan ne dalili ko ba shi ba ne, abin da ya tabbata shi ne an tura ƙeyar Rabilu Musa gidan yari. Mutumin da ya shekara takwas yana riƙe da mabuɗi, yana ƙidaya fursunoni safe da yamma, ga shi yau shi a ke ƙidayawa. Da a fim aka rubuta haka, da mun ce marubucin ya cika ƙari.

A nan ne na ke tuna wawan sarki. Sarakunanmu na dā, waɗanda in sun ce a kashe sai a kashe, sun ajiye mutum guda a fada wanda ya ke da iznin faɗin abin da Waziri da Alƙali ba su iya faɗi. Ya kwaikwayi tafiyar Sarki, ya taɓa rowarsa ko zafin ransa, fadawa su sunkuyar da kai, Sarki ya yi murmushi ya ba shi riga. A cikin gida kuma akwai wasan gauta, inda matan fada kan shirya su kwaikwayi Sarki da hakimansa, shi kuwa yana kallo. Ba don sarakunan nan ba su da zuciya ba ne. Sun gane cewa mai mulki yana bukatar kunne guda wanda ba a toshe shi da kirari ba, sun kuma gane abin da aka faɗa da dariya ya fi sauƙin haɗiya. Wawan sarki yana da rigar kariya, Ɗan kama a kasuwa yana da ita, yaran tashe suna da ita, har Nalako da ke farautar gwauraye a Kano cikin azumi ba mai kai shi ƙara. Ibro ya gaji aikinsu duka, amma rigar ba ta iso gare shi ba. Zamani ya ba shi masu kallo fiye da duk wawayen sarakunan dā in an tara su, ya kuwa bar shi tsirara gaban takardar sammaci.

Da ya fito bai tsaya kuka ba, bai kuma bar sana'a ba. Ba da daɗewa ba aka ga Kotun Ibro a kasuwa, inda aka mai da zaman shari'a irin na gaggawa abin dariya. Kowa ya gane inda aka dosa. Ɗan kama ba shi da wani makami sai wannan, da shi kuwa ya rama.

Wajen samu, ya sami abin da gandiroba ba ya mafarkinsa, wannan gaskiya ne. Amma in an auna da yawan gidajen da muryarsa ta shiga, abin da ya komo hannunsa kaɗan ne. Sa'ad da faifai ya maye gurbin kaset, satar fasaha ta zama ruwan dare. Fim ya fito da safe, kafin la'asar an buga na jabu ana tallarsa a kan baro. Bayan wannan kuma aka koma tura finafinai cikin waya a ɗan kuɗi ƙalilan, wanda ko kwabo ba ya isa ga waɗanda suka sha rana suka yi wasan. Shi ya sa ɗan wasa ba ya iya hutawa. In ya zauna yau, gobe ba cefane, ba kuwa fansho a wannan aiki.

Ciwon ƙoda ya kama shi, ya yi ta fama. Tun yana da rai an sha yaɗa jita-jitar ya mutu, sai a gan shi ya fito. Saboda haka ran Laraba, 10 ga Disamba 2014, da labari ya bazu, mutane da yawa suka ce ƙarya ce irin ta kullum. Wannan karo gaskiya ce. Ku tuna kuwa halin da Kano ke ciki a lokacin. Kwana goma sha biyu kafin nan, ran Juma'a 28 ga Nuwamba, aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki, mutum fiye da ɗari suka rasu. Gari na cikin makoki, ba unguwar da ba a zaman ta'aziyya. A irin wannan lokaci, da mutane suka fi bukatar wanda zai ɗan sassauta musu ƙirji, shi ma aka ɗauke shi. Bai wuce shekara 43 ba. Ƙasimu Yero da Samanja, waɗanda suka riga shi fara wasa da shekaru masu yawa, duk sun rayu bayansa: na farko ya rasu cikin 2017, na biyu cikin 2023.

Aka kai shi Ɗanlasan, inda aka haife shi, aka yi masa sutura. 'Yan santimental da 'yan camama duk suka hallara, suka tsaya sahu guda.

Abokan wasansa irin su Bosho da Daushe da Baba Ari sun ci gaba da sana'a, wasu samari kuma sun taso suna gwada hular da muryar. Kasuwar kaset ta mutu, ta faifai ma ta bi ta. Da yawa daga finafinansa na farko suna cikin kaset ɗin da zafi da ƙura suka cinye, injin da zai juya su ma sai an tona. Abin da ya rage shi ne guntaye-guntaye da a ke sawa a YouTube, a ke kuma turawa daga waya zuwa waya, hoton ya dushe, muryar tana shaƙewa. Yaran da aka haifa bayan rasuwarsa suna kallonsu suna kwanciya don dariya, ba su san ya taɓa sa kaki ba, ba su san an taɓa ɗaure shi ba. In yaro ya cika surutu da wayon banza a gida, har yanzu uwarsa ta kan ce, "Kai, Ibro, zauna!"

Allah ya jiƙan Rabilu Musa, ya gafarta masa, ya sa dariyar da ya ba bayin Allah cikin kwanakin ƙunci ta zama nauyi a mizaninsa. Amin.